Shekarar da Gwaggo Ta Daina Neman Wuta

Ƙarfe shida saura kwata na safe ne, a tsakiyar ɗari, a ƙofar gidanmu na Tama. Mu uku ne a wurin: ni, da yayanku Sani, da mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta da rahama. Ni ina zaune cikin mota, hannuna a kan makulli. Sani yana tsaye a gaba, ya ɗaga murfin inji yana leƙe. Ita kuma fitowarta ke nan daga zaure da kaskon garwashi, ta tallabe shi da tsumma hannu bibbiyu, kamar yadda take yi kowace safiyar sanyi tun ba a haifi ko ɗaya a cikinku ba. Na yi bisimilla na murɗa makulli. Inji ya tashi bugu ɗaya, ba tari, ba gurnani.

"Baba, ka gani! Ka gani!" in ji Sani, har da tsalle.

Na gani. Amma abin da na gani a madubi shi ne uwarku tsaye da wuta a hannu, ta rasa inda za ta aje ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan shekara shi ne maganar da na ji ranar sunan ɗan Rabi. Ina zaure, kuna tsakar gida, kun ɗauka kunnena ya mutu gaba ɗaya. Bai mutu ba, na hagu ne kawai. Na ji Rabi tana ba ƴaƴanta labari cewa kakansu mutum ne mai taurin kai, an kawo masa man mota na zamani ya ƙi yarda da shi, ya bar kakarsu tana ɗaukar wuta zuwa gindin mota da ciwon ƙirji har ta koma ga Allah. Ba wanda ya musa mata a cikinku. Ban yi fushi ba, domin abin da idonku ya gani ke nan. Taurin kai kuwa ina da shi, ban ƙi ba. Amma zancen ba haka yake ba, kuma tunda ita ba ta nan balle ta gyara, ni zan gyara. Zan bi shi daki-daki, ku ma ku karanta daki-daki, kada wani ya tsallaka ya leƙa ƙarshe.

Farko dai mota. Kun san ta da suna Gwaggo, sunan da Sani ya laƙaba mata yana yaro saboda nishin da take yi in za ta hau tudu. Bashe ce, wato a-kori-kura, mai shan gazuwal, man dizal ke nan, tsohuwa tun ranar da na saye ta. Da ita na ciyar da ku. Albasa da tumatir da kabeji daga lambunan fadamarmu, da mutane a saman buhuna, zuwa Buza, zuwa Madawa, in kasuwa ta kira har Keita. Kun san hanyoyin nan, dutse ne a kan dutse, ka sauka kwari ka sake hawa. Mota ba ta rayuwa a irin wannan hanya sai da baƙin mai, wato man da ke yawo cikin inji yana hana ƙarfe cin ƙarfe. Shi kuwa baƙin mai halinsa irin na man shanu ne: zafi ya narkar da shi, sanyi ya daskarar da shi. Wanda ya koya mini tuƙi, Allah Ya gafarta masa, doka ɗaya ya bar mini a kan haka. Ya ce a ƙasar Adar ba a zuba wa tsohon inji komai sai sankant, wato mai lamba hamsin, mafi kauri da ake sayarwa. Ya koya mini yadda ake gwada shi, ka ɗiga a kan babban yatsa, ka haɗa da manuni, ka buɗe sannu. In ya ja zare mai ne, in ya tsinke nan da nan ruwa ne, ka mayar wa mai shi.

Kuma yana da gaskiyarsa. A bazara, lokacin da dutse ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, in ka ɗauko albasa kana hawan tudun Buza da mai marar kauri, sai ya tsinke ya zama kamar ruwan shayi. Jar fitilar mai ta fara ƙifta maka ido, daga nan kuma sai ƙarar da kowane direba ke roƙon Allah kada ya ji. Na ga mutane sun kwana a bakin hanya da kayansu saboda haka. Sankant bai taɓa ba ni kunya a bazara ba. Matsalarsa ɗari. Garinmu a kwari yake, sanyi kuwa a kwari yake kwana. Da asuba sai ka tarar man ya kwanta a gindin inji kamar zumar da ta daɗe a tulu. Ka murɗa makulli, inji ya juya da ƙyar sau ɗaya, sau biyu, batir ya gaji, shi ke nan sai turi. Wasu direbobi sukan sauya zuwa mai sassauci in sanyi ya shigo, amma tsohon inji irin na Gwaggo shanye shi yake yi, ya fitar da shi hayaƙi ta baya. Saboda haka mu mutanen kwari muna da tamu dabara. Ana kawo garwashi a kasko, a yayyafa masa toka kada harshen wuta ya tashi, a goge gindin inji tsaf da tsumma, a tura kaskon ƙarƙashi, a jira. In mai ya ji ɗumi ya saki, mota ta tashi lafiya lau.

Na biyu, garwashi. Wannan aikin uwarku ce ta ɗauke shi tun ɗarin farko bayan na sayi mota. Ban sa ta ba, ban kuma hana ta ba. Kafin in dawo daga masallaci ta hura wuta, itace ya ci ya zama garwashi, ta kwashe a kasko. In na iso sai in goge gindin inji, in karɓa in tura. Daga nan ba abin yi sai jira, gwargwadon yadda mutum zai sha kofin kunu mai zafi ba tare da gaggawa ba. Ni in tsuguna a jikin taya, ita ta zauna a kan dutsen nan na bakin ƙofa, ta rufe kai da mayafi.

Ku tuna yadda gidanmu yake a lokacin. Kakarku tana da rai, ɗakinta yana kallon namu. Ƙanena da iyalinsa suna ciki. Ku kuma kuna ko'ina, har ƙarƙashin gado. Ni ina fita da duhu in dawo a gajiye, ba kuma mai yawan magana ba ne ni, kun sani. Uwarku mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama kusa da ni a gaban surukarta ko a gabanku ba. To a ina za mu yi shawara? A gindin Gwaggo. A can ma ba ni take yi wa magana kai tsaye ba, motar take yi wa.

"Gwaggo, hwaɗa ma maigidanki hatsi ya yi ƙasa cikin rumbu."

"Gwaggo ta ji," in ce.

"Ki ce mishi kuma takalmin Rabi ya mutu, ƙasa take takawa zuwa makarantar lakwal."

"Gwaggo ta ce yarinyar nan cin takalmi take yi?"

"Ki ce mishi ƙahwar ubanta ta ɗauko."

Haka muke yi. A gindin motar nan aka yanke sunan kowane ɗayanku kafin a kai wa liman. A nan aka yanke a tura Sani koyon gyaran mota Madawa wurin taubashina Alasan. A nan ta gaya mini, ta bakin Gwaggo, cewa na yi wa Rabi tsawa fiye da laifinta, in nemi yadda zan yi. A nan ta yi kuka lokacin da muka rasa ƙaninku da bai kai ga yaye ba, domin cikin gida ta riƙe idonta saboda mutane. Kowace shekara in kaka ta wuce aka fara jin sanyi-sanyi da safe, sai in ga ta sauko da kaskon daga saman danga tana kakkaɓe shi. A lokacin ban sa wa abin suna ba. Na ɗauka gyaran mota muke yi.

Na uku, tari. A waccan shekara da nake ba ku labari, tari ya kama ta tun farkon sanyi, irin mai fita daga can cikin ƙirji. Aka yi jiƙe-jiƙe bai saki ba. Na ɗauke ta zuwa likita a Buza. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya saurari bayanta da abin sauraronsu, ya tambaye ta yadda take wuni, ta faɗa masa. Ya juyo ya dube ni.

"Malam Illa, kana son matar ga?"

Ban saba a yi mini irin wannan tambaya ba. Na ce, "Ai shi ya sa na kawo ta."

"To abu biyu za ta bari. Hayaƙin ɗanyen icce, da hita cikin sanyin asuba. In ba haka ba, ɗari mai zuwa ban san abin da za ni ce maka ba."

Muka dawo gida. Washegari da asuba na tarar da kasko a bakin ƙofa da ita a kan dutse, tana tari cikin mayafi. Na ce ta koma ciki. Ta ce, "Gwaggo, ki ce mishi majo bai san kan mota ba." Na ce ƙanena ko matarsa za su riƙa kawo wutar. Ta ce ba mai taɓa mata kasko.

Ana cikin haka Sani ya zo gida daga Madawa, ya ji abin da ake ciki. Ya koma, ya dawo da bido ɗaya, wato galan, na mai. A jikinsa lamba biyu ce, ashirin da hamsin, su a gareji suna ce masa ban-sankant. Ya ce lambar farko ta sanyi ce, ta biyu ta zafi. Da asuba yana gudu kamar mai sassauci, in inji ya yi zafi kuma yana riƙe kaurinsa kamar sankant. Na buɗe na ɗiga a yatsa. Zaren da ya ja bai kai wanda na saba ba.

"Wanga ruwan Turawa ne," na ce. "Can ƙasarsu ƙanƙara ke sauka. Nan dutse ke dahuwa."

"Baba, na ƙasar ƙanƙara daban ne. Shi lambobinshi ƙanana ne duka biyu, in an zuba ma Gwaggo shi ko Buza ba ta kai. Wanga na tsohon inji ne a ƙasa mai zahi. Lambar baya ita ce taka, ba ta canza ba."

"Mai guda shi yi hali biyu? Ko mutum in ya yi hali biyu ba a yarda da shi."

"To a gwada, Baba. Kai ka ce kada a yarda da abin da ba a gwada ba."

Da maganata ya kama ni, don haka aka gwada, kuma ni na tsara gwajin. Na sa ya samo gwangwanin tumatir biyu, aka zuba tsohon mai a ɗaya, sabo a ɗaya, aka aje su a kan danga suka kwana cikin sanyi. Da asuba na karkata su tare a kan faifan ƙarfe. Sabon ya gangara, nawa ya tsaya yana shawara. Sannan na sa aka ɗora su a bakin murhu har suka yi zafin da yatsa ba ya jurewa, na sake karkatawa. A nan suka gangara kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya fi wani tsinkewa. Na maimaita washegari don kada a ce dace ne. Da na gamsu sai na tara gida bayan la'asar, na faɗa a gaban kowa cewa gobe za a yi wa Gwaggo bidanji, a zubar da tsohon mai a zuba sabo, kuma daga ranar ba sauran kai wuta, mai tari ta kwanta har rana ta fito. Kowa ya ce madalla. Uwarku ta ce, "To." Amma ba ta yarda mai zai yi abin da aka ce ba, shi ya sa ta fito da kaskonta a safiyar da na fara ba ku labari. Da ta ji inji ya tashi, ta ɗan tsaya, sannan ta juya ta koma ciki da wutarta. Na ja mota na tafi Keita, na riga kowa isa kasuwa.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Ta bi umarni, ba ta sake fitowa ba. Tari ya fara lafawa, kowa yana murna, ni ma ina murna. Mota tana tashi kamar yarinya. Sai dai gidan ya canza mini ta hanyar da na kasa kamawa. Hatsi ya ƙare ban sani ba sai da aka aiko yaro ya faɗa mini a gaban mutane. Aka fara zancen auren Rabi, na ji shi a bakin ƙanena, ban san ra'ayin uwarta ba. In na shigo ta ce sannu da zuwa, ta aje tuwo, ta koma. Ita kanta abincin ta rage ci. Zanenta ya fara yi mata yawa. Na tambaye ta ko jikin ne, ta ce lafiya lau. Na mayar da ita wurin majo, ya ce ƙirji ya yi sauƙi ƙwarai, sauran bai ga komai ba. Wata rana na dawo da la'asar da wuri, na aje mota na shiga masallaci. Da na fito na hango ta daga nesa a bakin ƙofa, ita kaɗai, ta ɗora hannu a kan murfin inji. Na rage tafiya. Iska ta kawo mini kaɗan daga abin da take cewa.

"An ba ki sabon mai kin manta mutane, ko? Ba komi. Allah shi ƙara lahiya."

Ta ji takuna ta shige ciki. Ni kuma na tsaya a wurin har aka kira magariba.

A ranar na yanke shawara irin ta direba: abin da aka canza ya kawo matsala, a mayar da shi yadda yake. Da na kai kaya Madawa na wuce garejin Alasan. Sani ya fita sayen kayan gyara, sai Alasan kaɗai a ƙarƙashin wata kamiyo, babbar motar kaya, ƙafafunsa ne kawai a waje. Na shure su.

"Wane marar tarbiyya ne? A'a, sarkin taurin kai! Me Gwaggo ta yi kuma?"

"Bidanji nike so. Ka maida min sankant."

Ya fito yana goge hannu. Ya ja sandar gwada mai ya duba, ya sa na tada inji ya saurara, ya zaga baya ya dubi hayaƙi.

"Tana shan mai?"

"A'a."

"Jar hitila ta kama?"

"A'a."

"Da sahe tana gardama?"

"Ba ta yi."

"To kai ne ke gardama. Mai lahiya lau za ka zubar, ka koma ma abin da ke kashe batir, ka kuma hiddo ƴar mutane cikin sanyi da tarinta? Illa, tun muna yara na san kanka ba daidai yake ba, amma ban san ya kai nan ba."

Taubashi ne, yana da damar faɗin abin da ya ga dama. Ya aika aka kawo shayi, muka zauna a kan tsohuwar taya. Ban san yadda aka yi ba na ba shi labarin abin da na ji a bakin ƙofa. Na zaci zai yi dariya. Ya yi, har ya ƙware. Da ya gama ya share ido ya ce:

"Shekara nawa kuna zance da mota, ba wanda ya gaya muku ba ta da kunne? Kai, wanda duk ya ce maka inji ke son wutar nan ƙarya ya yi. Bar ma Gwaggo sabon man da ke cikinta. Ka tai ka san yadda za ka yi da naka sanyin."

Na bar masa garejinsa ban ce na gode ba, don kada ya samu abin ba jikokinsa labari. Amma duk hanyar Madawa zuwa gida ina lissafi. In na mayar da tsohon mai, ta samu zamanta, ƙirjinta ya tafi. In na bar sabon mai na yi shiru, ƙirji ya zauna, ita ta ci gaba da ramewa. Majo abu biyu ya hana: hayaƙin ɗanyen itace da sanyin asuba. Bai hana garwashi da ya riga ya ci ba, bai hana hantsi ba. Sai na ga abin da ya rage a canza ba mai ba ne, lokacin fitata ne.

Washegari na dawo daga masallaci ban taɓa mota ba. Na zauna a zaure ina jan carbi. Gari ya waye, matar ƙanena ta hura wutar kunu, rana ta hau danga ta sauka a kan dutsen bakin ƙofa. Ƙanena ya leƙo sau biyu yana tambaya ko mota ta lalace. Da na ga rana ta kama dutsen sosai, na tsaya a bakin tsakar gida na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A kawo ma Gwaggo wuta. A ɗiba a murhun kunu, wanda ya riga ya ci."

Sani ba ya nan, da ya yi gardama. Ku da kuke nan kuka dubi juna, na gan ku. Ta fito da kasko, ta lulluɓe da bargon da na sayo mata a Madawa. Na karɓa, na aje shi a ƙasa tsakanin taya da dutse, ban tura shi ƙarƙashin inji ba. Ta dubi kaskon, ta dubi inda ya kamata ya shiga, ta dube ni. Ta zauna.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "ashe sabon man bai yi ba?"

"Gwaggo ta ce mai ya yi. Ba ta da ƙara a kanshi."

"To wutar ta mi ce?"

"Ta ce direbanta ne ba ya tashi da sahe in ba a ɗumama shi ba."

Ta ja bargo ta rufe baki. Kafaɗunta suna motsi, na ɗauka tari ne, ashe dariya ce. Da ta lafa ta miƙa tafin hannu a kan garwashi ta ce:

"Ki ce mishi yaron da ke neman Rabi na da hankali, amma a bari sai ta ƙare lakwal. Ki ce mishi kuma kada ɗiya su ji wagga magana. Tsohuwa da ni, a ce ina zaman hira bakin ƙohwa?"

"Gwaggo ta ji. Za a ce mata taurin kan maigida ne."

"Ai ba wanda za shi musa," in ji ta.

Kun ji inda taurin kan ya samo asali. Ni na ba da shi da bakina, ita ta karɓa.

Na biyar, abin da ya ci mini. Direban da ke fita da hantsi ba direban kasuwa ba ne. Masu lambu suna son tumatir ɗinsu ya isa kafin rana ta taɓa shi, don haka manyan masu ba ni kaya suka koma wurin yaran da ke fita da duhu. Keita ta fita daga hanyata a duk lokacin ɗari, domin in na isa an riga an watse. Na koma ɗaukar abin da ya rage, buhun gero, awaki, tsofaffin da ba sa gaggawa. A tasha aka ce Illa ya tsufa, barci ya fi ƙarfinsa. Kun tuna shekarun da naman Salla ya ragu, da rufin ɗakin baya da ya daɗe yana yoyo ban gyara ba. Daga nan ne. Sani ya yi fushi da ni ƙwarai, ya ce ya kawo mini abu mai kyau na raina shi. Sani, ban raina ba. Da bazara ta zo na hau tudun Buza da albasa har saman ƙarfe, idona a kan jar fitila tun daga gindi har kai, ba ta ƙifta ba. Tun ranar da ka zuba man nan ban sake sa wa Gwaggo sankant ba, kuma garwashi bai sake shiga ƙarƙashinta ba. Da ɗayanku ya matso kusa da ya gani. Amma kuna ganin mu a wurin kuke canza hanya, tarbiyyar da muka ba ku ke nan.

Ta yi shekaru masu dama bayan haka, kun sani, ta ga auren Rabi, ta goya ƴaƴan Sani. Kowane farkon ɗari ina kai ta wurin majo ya saurari ƙirjinta, in ya ce a rage zama a waje a rage, in an tashi da iska ranar ba wuta. Har bazara ma, da ba mahaukacin da zai kai wa mota garwashi, sai ta fito da ƙwaryar ruwa wai a duba na Gwaggo, ta zauna a kan dutsenta kafin in gama dubawa. Ciwon da ya ɗauke ta ba na ƙirji ba ne, kwana ne ya ƙare. A ɗarinta na ƙarshe ba ta iya ɗaukar kaskon, ni nake shiga in ɗauko, ita ta biyo ni da sanda. Maganar ƙarshe da ta aiko mini ta bakin Gwaggo ita ce in rage yi wa jikoki tsawa, kuma in riƙa cin abincin rana. Na farkon ina ƙoƙari.

Ta ce kada ku ji, na kuwa riƙe mata har ta tafi, na ƙara da shekarun da suka biyo. Da sunana kaɗai zancen ya taɓa, da na bar shi haka. Amma yadda Rabi ta faɗa, uwarku ta fito kamar wadda aka sa aiki tana bi don dole, ita kuwa ba haka take ba. Wurin nan nata ne, ita ta kafa shi, kuma rabin abin da ya tafi daidai a rayuwarku a kan dutsen nan aka yanke shi. Ina fatan za ta yafe mini buɗe bakin da na yi.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Sani, Gwaggo tana hannunka, ka ci gaba da ba ta mai lamba biyu, kada wani ya ruɗe ka da gwajin yatsa. Rabi, ki tara ƴaƴan nan da kika ba wancan labari, ki zaunar da su, ki ba su wannan da bakinki. Kaskon kuma yana saman danga ta wajen gabas, gefensa ɗaya ya fashe. Na ji ana cewa za a zubar da tarkace kafin damina. Kada a taɓa shi. In sanyi ya shigo, rana ta kama dutsen bakin ƙofa, wanda duk yake gida a cikinku ya ɗebo garwashi a ciki ya kawo mini, ya zauna. Ba sai ya yi wa mota magana ba, ni zai yi wa. Ya zauna ta wajen kunnena na dama.